Dillali ba sojan mamaya ba ne: martani kan White Cube da buhunan Tamale

Wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala kwanakin baya a kan manyan gidajen baje kolin zane-zane na Turai, irin waɗanda ke da rassa a manyan biranen duniya, ya kuma kafa misali da gidan White Cube na Landan. Abin da malamin ya ce a taƙaice shi ne waɗannan gidaje mulkin mallaka ne da ya sake riga: suna leƙowa Afirka su tsinci haziƙan matasa, su kwashe ayyukansu su kai wa attajiran Turai da Amurka da Asiya, su riƙe rabin kuɗin, mu kuma a bar mu da jin labari. Ya haɗa wannan da abin da sojojin Ingila suka yi wa Benin a 1897, sannan ya rufe da kira ga masu fasahar Afirka da su daina sa hannu a yarjejeniya da irin waɗannan gidaje, su tsaya a gida su sayar a gida. Ciwon da ya sa shi rubutun na gaskiya ne, kuma duk wanda ya san yadda aka yi da kayan kakanninmu ba zai raina shi ba. Sai dai kwatancen bai zauna ba, shawarar kuma idan aka bi ta, waɗanda ake son a kare su ne za su fara ji a jikinsu.

A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka shiga birnin Benin da bindiga, birnin ya ƙone, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fada, aka kuma tura Oba Ovonramwen gudun hijira Kalaba. Babu wanda aka tambaya, babu wanda aka biya, maƙeran da suka zuba tagullar ba su ga ko anini ba. Haka aka yi wa Kumasi a 1874, kuma abin takaici, da wasu daga cikin kayan zinariyar Asante suka komo fadar Manhyia a 2024 daga gidajen tarihi biyu na Landan, a matsayin aro suka komo. Wannan shi ne kwace, kuma sunansa ke nan. Mai zane da ke raye, da hankalinsa, wanda ya karanta takarda ya sa hannu, ya san farashin da za a sa wa aikinsa, ya karɓi kasonsa, kuma yana da ikon barin gidan ya koma wani idan bai ji daɗi ba, ba a cikin wannan hali yake ba. Idan muka kira biyun da suna ɗaya, mun rage wa ta'asar 1897 nauyi, mun kuma ba masu riƙe da kayan Benin hujjar cewa masu neman a dawo da su ba sa bambance sata da ciniki. Wannan hujja ce da bai kamata mu miƙa musu da hannunmu ba.

To mene ne White Cube? Jay Jopling ne ya buɗe shi a 1993 a wani ɗan ƙaramin ɗaki a titin Duke Street da ke Landan, ya yi suna da masu fasahar Ingila irin su Damien Hirst da Tracey Emin. Ya buɗe babban zaurensa na Bermondsey a 2011, reshen Hong Kong a 2012, daga baya ya kafa a Paris, sannan a 2023 ya buɗe a Seoul da New York. Duk wannan girma bai canza asalin sana'ar ba: dillanci ne. Mai fasaha ya kawo kaya, gida ya nemo mai saye, ya ɗauki la'ada, wadda a al'adar wannan kasuwa takan kai rabin farashi. Bahaushe kuwa ba baƙon wannan tsari ba ne. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, suna sauka a Salaga, ba su taɓa shiga kasuwar da ka ba. Kowane ayari yana da fatomansa, mai masaukin da zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya san wane mai saye ne ke biya wane ne ke cin bashi, ya tsaya masa idan rigima ta tashi. Falke yana iya ƙorafin cewa la'adar ta yi yawa, yana iya sauya mai masauki, amma bai taɓa kiran fatoma ɗan fashi ba, domin ya san kasuwar nesa ba ta ciwuwa sai da wanda ya san garin. Muhawarar da ta dace a yi a kan White Cube irin wadda falke ke yi da fatoma ce: nawa ake cira, me ake yi wa mai kaya a madadinsa, wa ke da ta cewa a kan inda kayan za su je.

Akwai wani darasi a tarihinmu da ya fi Benin kusa da wannan magana, malamin kuma bai taɓo shi ba. Shekaru aru-aru ana jeme jar fatar akuya a ƙasar Sakkwato da Kano, a ɗora wa raƙuma a ƙetare Sahara, ta isa Turai ta tashoshin arewacin Afirka, a can kuma a sayar da ita da sunan fatar Maroko, a yi bangon littattafan manya da ita. Babu wanda ya sace fatar nan, saye aka yi. Abin da ya salwanta a hanya shi ne suna: majemin da ya yi aikin bai shiga lissafi ba, garinsa ma bai shiga ba, saboda haka darajar da kayan suka samu a ƙarshen tafiya ba ta taɓa komowa hannunsa ba. Kayanmu su fita waje ba sabon abu ba ne, kuma fitar ba ita ce asara ba. Asarar tana aukuwa ne idan suka fita babu suna, babu takarda, babu mai tsaya musu. Gidan baje koli, duk da son kuɗinsa, kasuwancinsa gaba ɗaya a kan suna ya ginu: ya rubuta sunan mai aikin a bango, ya buga littafi a kansa, ya adana bayanin kowane aiki da shekararsa da wanda ya saya. Ribar gidan ba ta ƙaruwa sai sunan mai aikin ya ƙaru.

Tun da malamin ya zaɓi White Cube, ya kamata ya dubi ɗan Afirka ta Yamma da ya fi shahara a cikin masu fasahar gidan, wato Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a arewacin Ghana a 1987, wanda ya yi karatu a jami'ar Kumasi. Abin da aka fara saninsa da shi buhun algarara ne. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, a shigo da su Ghana don zuba koko, bayan sun gama wannan aiki su faɗa hannun 'yan kasuwa a yi ta zuba masara da shinkafa, daga ƙarshe gawayi. Kafin buhu ya kai ƙarshen rayuwarsa ya yi baƙi, ya yage an yi masa faci, yana ɗauke da hatimin hukumar koko da sunayen masu kaya da aka rubuta da fenti ɗaya bisa ɗaya. Mahama yakan ba 'yan kasuwa sabon buhu ya karɓi tsoho, a ɗinke su da basilla su zama makeken mayafi, a lulluɓe gini da shi. A 2015, a babban bajekolin Venice da marigayi Okwui Enwezor ɗan Najeriya ya shirya, ya lulluɓe dogayen bangaye biyu na wani lungu da waɗannan buhuna, mutane suka riƙa ratsawa ta tsakiyarsu. A 2017 ya yi irin wannan a Kassel ta Jamus. A shekarar ne kuma ya yi bajekolinsa na farko a White Cube, inda ya jera ɗaruruwan akwatunan 'yan shushaina da masu gyaran takalmi, irin waɗanda yara ke ratayawa suna ƙwanƙwasawa a titi don kiran mai so, suka zama katanga guda mai tsayi.

Abin lura shi ne abin da ya same shi kafin ya shiga wannan gida. Yana matashi, ba shi da mai tsaya masa, ya sayar da tarin buhuna ga wasu dillalai biyu masu zaman kansu, ɗaya a Los Angeles ɗaya a Dublin. Aka yayyanka kayan gida ɗaruruwa, aka ɗaure kowane yanki a katako kamar hoton bango don a sayar ɗai-ɗai. Mahama ya ce waɗannan ba aikinsa ba ne, dillalan suka ce da saninsa aka yi, suka kai shi kotu a Amurka a 2015, shi ma ya shigar da tasa ƙarar, aka yi sulhu a 2016. Ko ma wa ke da gaskiya, ga saurayi ɗan Tamale yana fama da lauyoyi a Kalifoniya a kan abin da ya fito daga hannunsa. Labarin Amoako Boafo ɗan Accra ya fi wannan fitowa fili. Wani zanensa da aka saya a kan dala 22,500 a 2019, an kai shi gwanjon Phillips a Landan a watan Fabrairun 2020, ya tashi a kan fam 675,000, alhali ƙiyasin masu gwanjon bai wuce fam 50,000 ba. Ribar wannan ciniki ta mai sayarwa ce. Mai zanen kuma sai ya wayi gari farashinsa ya tashi sama ba da shirinsa ba, irin tashin da in ya faɗo yakan tafi da mutuncin mai aikin. Matasa da dama da aka yi wa irin wannan rububi a shekarun nan sun ga kasuwarsu ta yi sanyi cikin ɗan lokaci. Cin zalin da malamin yake kuka a kai yana nan, ba ƙarya ya yi ba, amma ya fi aukuwa ne a daidai gurbin da babu babban gida, inda 'yan sari ke bin matasa har ɗakin aikinsu da tsabar kuɗi a hannu.

Dalilin haka a bayyane yake ga wanda ya san yadda kasuwar ke tafiya. Ɗan sari yana son ya saya yau ya sayar gobe. Babban gida yana son mai fasahar da zai ci gaba da sayuwa shekara talatin, saboda haka ba kowa yake sayar wa ba ko da ya zo da kuɗi. Yakan fifita gidajen tarihi da masu tara zane waɗanda aka san ba sa gaggawar kai kaya gwanjo, yakan sa mai saye ya yi alkawarin ba zai sayar ba sai bayan wasu shekaru, ko kuma in zai sayar ya fara tallata wa gidan. Yakan ɗaga farashi sannu a hankali. Shi ke biyan kuɗin dako da inshora da hayar rumfa a manyan kasuwannin zane irin na Basel, sau da yawa har da kuɗin haɗa aikin kansa. Rassan da malamin ya ɗauka alamar haɗama ce, ga mai fasaha ma'anarsu ita ce aikinsa zai iya bayyana a Landan bana, a Hong Kong baɗi, ba tare da ya nemi sabon dillali a kowane gari ya sake faɗawa hannun wanda bai sani ba. Rabin farashi kuɗi ne mai yawa, ban musa ba, kuma mai fasahar da ya yi ƙarfi yakan zauna a sake lissafi. Amma a auna rabin da aka sani a rubuce da abin da ya rage wa Boafo a cinikin fam 675,000.

Maganar malamin da ta fi rauni ita ce cewa ba abin da ke komowa gida. Duk wanda ya je Tamale zai ga amsa a tsaye da jan bulo. A 2019 Mahama ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a garin, kuma bajekolin farko bai yi shi a kan kansa ba, ya yi shi ne a kan ayyukan dattijo Kofi Dawson, wanda ya shafe shekaru yana zane ba a ba shi haƙƙinsa ba. A 2020 ya buɗe Red Clay a bayan gari, manyan zauruka na bulo a fili mai faɗi. Ya sayi tsofaffin jiragen sama da aka daina amfani da su, aka ɗauko su a manyan motoci daga kudu, aka girke su a filin suka zama azuzuwan da yara ke shiga su koyi zane da kwamfuta. Ya kuma kawo tsofaffin taragun jirgin ƙasa na zamanin Turawa, a garin da layin dogo bai taɓa isa ba, domin Turawan mulki sun shimfiɗa dogonsu ne a kudu inda zinariya da koko suke, arewa kuma suka ɗauke ta wurin ɗebo leburori. A 2021 ya buɗe wani rumbun siminti na zamanin Nkrumah da aka yi watsi da shi bayan juyin mulkin 1966. Da kuɗin sayar da ayyukansa ya yi waɗannan gine-gine. Attajirin Turai ya sayi tsohon buhun gawayi, kuɗin ya bi ta hannun dillalin Landan, ya zo ya zama aji a arewacin Ghana. Wannan hanya ta saɓa wa wadda koko da zinariya suka bi fiye da shekara ɗari, kuma da Mahama ya bi shawarar malamin ya ƙi sa hannu, da filin nan yana nan fayau.

Za a ce wannan halin kirkin mutum ɗaya ne, White Cube bai gina ko bulo ɗaya a Tamale ba. Haka ne, kuma ba na yaba wa gidan da kyautar da ba shi ya yi ba. Abin da nake cewa shi ne ƙofar da ake so a rufe ita ce kuɗin suka shigo ta cikinta. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Michael Armitage, haifaffen Kenya wanda shi ma White Cube ya daɗe yana baje ayyukansa, ya kafa cibiyar fasaha a Nairobi. Boafo ya buɗe wurin horar da matasa a Accra a 2022. Yinka Shonibare ya gina masaukin masu fasaha a Legas da gona a ƙasar Ijebu. Sannan tafiyar ba ta fuska ɗaya ba ce yanzu. Gidan Goodman, wanda aka kafa a Johannesburg a 1966, ya buɗe reshe a Landan a 2019. Gallery 1957 na Accra ya buɗe nasa a 2020. Rele na Legas ya buɗe a Los Angeles a 2021. Idan reshe a ƙasar waje shi ne shaidar mulkin mallaka, da wane suna za a kira waɗannan? Su sun gane abin da fatakenmu suka gane tuntuni, cewa mai son riba mai kauri sai ya kafa nasa masauki a kasuwar nesa.

Tsaya a gida, sayar a gida, magana ce mai daɗin ji, amma wa zai saya? A 1993, shekarar da Jopling ya buɗe ɗan ɗakinsa, a shekarar ce gwamnatin Najeriya ta kafa hukumar gidan zane-zane ta ƙasa da dokar soja. Ɗakin nan ya zama gidaje a nahiyoyi uku, hukumarmu kuma har yau ba ta da ginin baje koli a Abuja da ya dace da sunanta. A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka sauya alƙiblar zanen zamani a ƙasar nan, kuma sashen da ya yaye su yana nan yana yaye ɗalibai kowace shekara. Ɗalibin da ya gama a can bana, ina zai kai aikinsa a Kano ko Kaduna ya samu wanda zai saya da daraja, ya adana, ya rubuta a kansa? Legas ta ɗan motsa: akwai kasuwar Art X tun 2016, akwai kuma Yemisi Shyllon da ya ba da ayyuka kusan dubu daga abin da ya tara aka buɗe gidan adana zane a wata jami'a a 2019. A Arewa muna da masu kuɗin da suka fi ƙarfin yin irin wannan. Rashinsa ba laifin wani gida a Landan ba ne, kuma hana matashi fita alhali ba mu tanadar masa komai ba, ɗora masa nauyin sakacinmu ne.

Akwai wuraren da malamin ya yi gaskiya, ba kuma ƙanana ba ne. White Cube kuɗi yake bi. Ya buɗe a São Paulo a 2012, da abin bai yi ba ya rufe a 2015, kuma ba shi da reshe ko ɗaya a Afirka. Ayyuka da yawa da aka saya suna ƙarewa ne a cikin akwati a rumbunan ajiya, ba mai ganinsu. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yadda kasuwa ke karkatar da hannun matasa: da hoton baƙar fata cikin tufafi masu launi ya yi farin jini, sai ɗakunan zane a Accra da Legas suka cika da irinsa, masu wata baiwar daban suka ajiye tasu suka bi yayi. Wannan illa ce ta gaske. Maganinta kuwa masu saye na gida ne da masu sharhi na gida waɗanda za su ce wannan ya yi, wannan kwaikwayo ne, a kuma ji maganarsu. Ƙaurace wa Landan ba zai haifar da su ba.

Tambayar da na so malamin ya yi, wadda ta fi tasa wuyar amsawa, tana cikin aikin Mahama kansa. A 2024 ya lulluɓe wani sashe na ginin Barbican a Landan da yadi mai launin ruwan hoda da shunayya, kimanin murabba'in mita 2,000, an liƙa masa riguna batakari kusan ɗari da aka karɓo daga hannun iyalai a arewacin Ghana, da guminsu da tsufansu. Ɗaruruwan masu sana'a ne suka yi aikin da hannu, a filin ƙwallon Tamale aka shimfiɗa shi aka haɗa saboda girmansa. Mahama bai taɓa ɓoye cewa aikinsa na taron hannu ba ne, zancen lebura da wahalarsa ma shi ne jigon abin da yake yi. Amma tsarin kasuwar suna ɗaya ya sani, shi ake rubutawa a bango, shi farashi ke bi. Matar da ta zauna da basilla a rana tana haɗa buhu da buhu ta fi kowa kama da majemin Sakkwato. Nawa aka biya ta, ko sunanta ya shiga littafin bajekolin, ko tana da wani kaso idan aka sake sayar da aikin bayan shekara goma, waɗannan abubuwa ne da ake iya rubutawa a yarjejeniya, kuma mai fasahar da gida irin White Cube ke buƙata yana da bakin da zai nemi a rubuta su. Wanda ya ƙi zama a teburin ba shi da wannan baki, matar kuma da buhun bai kai Landan ba, da ko ladan ɗinkin ba ta samu ba.